Yarinyar da Ba a Kira da Lasifika

Shekarun da na yi ina kula da yara a wata ƙaramar rauda, wato makarantar ƙananan yara, a unguwar Rusaifa can ƙasa mai tsarki, ba abin da ke tsorata masu kuɗin unguwar kamar wata 'yar shekara huɗu mai kitso biyu. Laifinta? Mata biyu ne suka kawo ta, gida ɗaya suke zaune a unguwar Tandabawi, kuma dukkansu Mama take ce musu. Uba kuwa babu. Ban tambaya ba, don ni ba alƙali ba ce, Abla ce kawai kamar yadda yaran ke kiran malama, majina nake sharewa.

Amma uwayen sauran yaran, tabarkalla, kowacce ta zama malama. Wadda ɗanta ke cizon mutane kullum ita ce ta ja ni gefe, wai tana tsoron a ɓata masa tarbiyya. Tarbiyya fa!

Al'adar wurin ita ce, in an tashi bayan azahar, uba ya tsaya a ƙofa, maigadinmu, wani tsoho, ya ɗauki lasifika ya kira sunan uban, yaro ya fito da gudu. Sunan mace kuwa ba ya fita a lasifika, wai abin kunya ne titi ya ji. To sunan wa za a kira wa yarinyar nan? Sai iyayenta biyu su tsaya a rana cikin baƙar abaya, ita kuma tana ciki rungume da jaka, har sai an watse a miƙa ta shiru. Abin yana ci mini rai, wallahi.

Na yi wa Hajiya mai makarantar magana. Ta ce, "Ke dai ki yi haƙuri, ai mun yi ƙoƙari da muka karɓe ta." Sannu da ƙoƙari, Hajiya.

Wata rana na gaji. Na fizge lasifikar daga hannun tsohon, yana ta salati kamar na ɗauke masa carbi, na kira sunan yarinyar da kaina, har sau biyu. Mazan ƙofa suka juyo. Matan nan biyu suka matso, suna leƙen ciki.

Ba ta fito ba.

Na shiga na same ta a kan tabarma inda ta saba zama. Na ce, "Yalla, taso mana, ba ki ji an kira ki ba?"

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Abla, wata ce mai irin sunana. Ni ba a kirana, ni sai kowa ya tafi."