Tsohuwa Mai Auna Zafi da Fatar Ido

Radmila mai sayar da shayi a tashar motar garin Pirot ba ta san tsohuwar ba. Ga ta dai 'yar firit cikin baƙin ɗankwali, rungume da akwati naɗe cikin bargo, sai ka ce mai jego.

"'Yata, taimaka min da ruwan zafi. Dusar ƙanƙara ta tsinka mana wayar lantarki, injin ƙyanƙyasata ya tsaya. Ƙwai arba'in ne, saura kwana biyu. Gidan ƙanwata zan kai su."

Radmila ta kawo mata. Tsohuwar na sirka ruwan, tana cika kwalabe, tana jera su a gefen ƙwan. Ma'aunin zafin da ke jikin akwatin ko kallo bai ishe ta ba. Ƙwai ɗaya ta zaro, ta lumshe ido, ta ɗora shi a kan fatar idon.

"Kaka, a soya mana biyu mana!" in ji Gojko direba.

"Soya kanka! Rufe ƙofar nan, iska na shigowa."

Radmila na tunanin kaji nawa idon nan ya raya, sai ga siririn kukan ɗan tsako daga cikin ƙwan.

Gojko ya rufe ƙofar a hankali, da hannu biyu.