Gudumar Badaru Mai Rijiya

Da an idar da sallar asuba, Malam Badaru kan rataya igiya, ya soke 'yar gudumarsa a ɗamara, ya nufi bakin aiki. Ba ya yarda da rijiya sai ya shiga cikinta da kansa, ya ƙwanƙwasa zobban siminti ɗaya bayan ɗaya, kunnensa manne da bango.

Lokacin yaƙin Hitila siminti ya yi ɓatan dabo, rijiyoyin ƙasar Gumel suka yi ta rubzawa ba mai gyara. Da yaƙi ya ƙare kwangila ta buɗe, har mai sayar da goro ya wayi gari ɗan kwangila. Wasu sun sayi motocin gyaɗa. Badaru kuwa har yau da ƙafa yake zuwa kasuwar Maigatari.

Mutanen wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar sun ga dalili. Bara waccan yana gina musu rijiya mai gaba arba'in a ƙarƙashin wani ɗan kwangila, Alhaji Muntaka. Saura kwana biyu a miƙa aiki, ya sauka da gudumarsa, ya ji zobe ɗaya can ƙasa yana amo kamar fasasshen tulu. Yashi ya yi yawa a simintin zoben. Zobba ashirin ke kansa, ya ce duk sai an cire.

Alhaji ya lallashe shi, ya yi alkawarin sa shi cikin kwangilar Gagarawa, ya ce wa zai sauka can ya gani?

"Alhaji, kai ba ka ji ba," in ji Badaru. "Ni na ji."

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana fito da zobban nan cikin zafin bazara. Aikin Gagarawa ya wuce shi, 'yan kwangila suka yi ta sanar da juna cewa mutumin nan taurin kai gare shi.

Malam Badaru, kai ne ka sauka inda ba mai ganinka, ka yi aiki kamar duk gari na kallo. Ni dai abin tsoro yake ba ni. Yanzu da ciwon ƙirji ya sa ka ajiye igiya, mun gode, Allah ya saka maka da Aljanna. Masu neman kwangila, ku je ku gaishe shi, ku koyi wani abu.

Makon jiya aka tambayi matan da ke jan ruwa a rijiyar nan ko wa ya gina ta. Ba wadda ta sani. Wata dattijuwa, Iya Safara'u, ta ce rijiyar ba ta taɓa ba su dalilin tambaya ba.