Me Keke Ya Ce?

A ofis Ƙamus ake ce masa, shi kuma bai taɓa hanawa ba. Kamfaninsu na yin manhajar rubutu, aikinsa shi ne ya raɗa wa kowane maɓalli suna, ya rubuta bayanin amfaninsa. Tun yana da baƙin gashi yake wannan aiki, kuma yana da hanyarsa: duk sunan da ya zaɓa sai ya kai gida ya karanta wa matarsa tana ɗinki. In keken ɗinki ya ci gaba da tafiya, ta gane ke nan. In ta ɗauke ƙafa ta ce “me?”, sunan ya mutu. Har manaja ba ya amincewa da suna sai ya tambaya, “Me keke ya ce?” Da wannan tambaya Ƙamus yake taƙama a duniya.

Sai aka ɗauki wani sabon ma'aikaci, Dogo, mai fara'a da gaishe-gaishe. Ƙamus ya nemi laifinsa har ya gaji bai samu ba, abin da ya ƙara ƙona masa rai ke nan.

Aka ƙara wa manhajar wata dabara: kana fara rubuta kalma sai ta kawo maka sauran ka zaɓa. Ƙamus ya sa mata “hasashen shigarwa”. Dogo ya sosa ƙeya ya ce, “Malam, da an ce ‘ƙarasa mini’ fa?” Manaja ya yi murmushi irin wanda ya daɗe bai yi wa Ƙamus ba, ya ce a kai wa keke duka biyun.

A gida ya karanta na Dogo da muryar mai ciwon haƙori. Keke bai ko rage gudu ba. Ya gyara murya ya karanta nasa, keke ya tsaya cak.

Kishi ya hana shi cin abinci. Washegari ya dubi tsabar idon manaja ya ce a kan na Dogo keke ya tsaya. Dogo har godiya ya yi masa, aka fitar da manhaja da sunan da Ƙamus ya zaɓa.

Bayan an kwana biyu matar ta sauke manhajar a wayarta don rubuta wa masu kawo ɗinki saƙo.

“Malam, mene ne kuma hasashen shigarwa?”

“Wato... ta ƙarasa miki kalma.”

“Au, ‘ƙarasa mini’ ɗin da ka karanta rannan? Ai ya yi daidai. Wane mai baƙin ciki ne ya canja maka?”

Ya ce sha'anin ofis ne.

Har yanzu manaja na tambayar me keke ya ce, Ƙamus na ba shi amsa daga kansa. Ita kuwa in ya shigo takan rage gudun keke ta jira, shi kuma ya wuce ɗaki.