Kankana ta hana ni naman suna

Ga ni gaban kwanon naman rago, sunan jikan aminina a Babura, amma ciki ya ƙi karɓa.

Aikin 'yata Hadiza ne, malamar asibiti. Kafin in hau mota ta ɗura min kankana da gurji, wai saboda zafin hanya.

Da na dawo na tuhume ta, sai ta ce, "Baba, da gangan na yi. Su suke cika ciki, kai kuma hawan jininka ba ya son kitse."

Na ce, "Sannu likita. Na sa ki makaranta, kin mayar da ni akuya."

Har yau aminina ba ya amsa gaisuwata, wai na raina abincin gidansa. Jama'a, kankanar ce za ta je ta ba shi haƙuri?