Karen da Na Yi wa Maganin Akuya

Shekara biyu da tashinmu daga unguwar Hindawiyya zuwa ta Nuzla, can ƙasar Larabawa, a shekarar da ƙanwata ta haifi tagwaye, na kama wanki da guga a gidan wani Bature. Suna da kare fari sol mai dogon gashi, daga ƙasarsu mai sanyi suka zo da shi. Kullum sai uwargidan ta taje shi, domin Turawan garin kan taru su zagaya da karnukansu, a duba wanda ya fi kyan gashi da tsayuwa. Ni dai nesa-nesa nake da shi saboda tufafin sallata.

Saura wata guda taron, ita da mijinta suka tafi duba mahaifiyarta, suka bar mana shi. Zafi ya shigo, gashi ya soma zuba dunƙule-dunƙule kamar auduga.

To ni tun a Sudan ake kawo mini akuya mai ƙazuwa, kuma ba wadda ta taɓa mutuwa a hannuna. Na ce wannan ma ƙazuwa ce, zan yi masa magani. Kukun gidan ya ce in jira su dawo. Na ce ya tsaya ga tukunyarsa. Na sa direba ya samo baƙin man mota, na daka farar wuta na kwaɓa, na rage sauran gashin da almakashi, na shafe shi tas. Ranar na fara taɓa shi. Ya kwanta lamo yana lasar hannuna, ban janye ba. Daga nan ya koma lasar jikinsa, abin da akuya ba ta yi. Kwana uku yana amai, na huɗu da hantsi ya mutu a ƙarƙashin teburin gugata.

Da uwargidan ta dawo ba ta yi faɗa ba. Da ɗan Larabcinta ta ce, “Hajiya, duk shekara haka yake zubarwa. Da kansa gashin yake sake fitowa.”

Ba ta kore ni ba, kuma da ta kora da ya fi mini sauƙi. Shekara uku na ƙara a gidan, ko kujera na janye sai in tarar da gashinsa. Har yau in na tsaya guga nakan ja ƙafata baya, kada in taka shi.

Direban ya rasu. Masu gidan kuwa tun da suka koma ƙasarsu ba labari. Saura ni da kukun, yana unguwar Ammariyya wajen ’yarsa, ido ya tafi. In na je gaishe shi, ba ya tayar da maganar.