Mai Shagon Canji da Ya Koya Mana Karatun Layi Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, tara ga Afrilu, ina tsaye kan teburin yanka yadi, 'yarka Nazgul ta kira ni ta ce, "Burul eje, Baba ya tafi." Eje, wato yaya a harshenmu, haka take kira na. Na ajiye almakashi, na ce wa matan shago su kashe kekunan ɗinki. Babu wadda ta tambayi dalili sau biyu, don duk cikinsu ba wadda ba ta san Toktosun agai ba.

Agai, shekara ashirin da shida ka yi kana koyar da lissafi a sakandare kafin ka buɗe ɗan shagon canjinka a bakin kasuwar Dordoi, amma har ka bar duniya ba wanda ya daina kiran ka agai, wato malami. Ni kuwa mai ɗinki ce, da mata ashirin da biyu a ƙarƙashina. Muna ɗinka rigunan sanyi, mu aika Rasha, a biya mu da rubul, mu canza zuwa som, kuɗin ƙasarmu, mu sayi yadi. Iyakar sanina da canji ke nan.

Ba zan manta shekarar da rubul ya yi mako uku yana hawa ba. Kowa ya riƙe nasa, har da masu sayar da shayi sun zama masana. Na zo tagarka da kuɗin yadin kaka guda, na ce ka mayar min da shi rubul. Da ka yi shiru ka karɓa, ribarka ce. Sai ka juyo min da fuskar kwamfutarka.

"Ƙanwata, dubi nan. Layin sama farashi ne. Na ƙasa ƙarfin da ke tura shi yake aunawa. Farashi ya haura inda ya tsaya makon jiya, ko ba haka ba? To na ƙasan fa?"

Na ce bai kai ba.

"Sun saɓa ke nan. Yana hawa, amma numfashinsa ya fara ƙarewa."

Na ce, "Agai, ni kuɗi na kawo, ba jarrabawa na zo zana ba."

Ka yi dariya ka ce, "Ai shi ya sa za ki faɗi."

Na ji haushi, amma na ji kunyar furfurarka. Na fasa, har na canza yawancin rubul ɗin da ke hannuna. Kwana huɗu ya ci gaba da hawa. Kullum sai na biyo ta tagarka na ce, "Malam, yaya mai numfashi? Na ga har yanzu gudu yake." Kai dai sai ka miƙo min shayi. A rana ta biyar ya rikito. Kafin wata ya ƙare, shaguna uku a layinmu sun sallami ma'aikata. Ni ban sallami ko mutum ɗaya ba. Na dawo tagarka kaina a ƙasa, ina jiran gori. Abin da ka ce kawai shi ne, "Ki zo Asabar da fensir."

Haka muka fara zama a bayan shagonka, mu bakwai, masu ɗinki da masu kawo takalma. Saltanat eje, matarka, tana aiko mana da soyayyen borsok mai zafi, irin fanken ƙasarmu. Ka hana mu taɓa kwamfuta sai da muka iya zana layukan da hannu a takarda. Ka sha faɗa mana cewa saɓanin nan gargaɗi ne, ba duba ba ne, kuma kada wanda ya sa abincin 'ya'yansa a kansa.

Akwai lokacin da karatunka bai yi daidai ba, na yi 'yar asara. Ban yi ƙorafi ba, amma sai ga ka a ƙofar shagona cikin dusar ƙanƙara, da sandarka, bayan ka hau motar haya har biyu. A gaban ma'aikatana ka ce, "Na gaggauta, ban jira alama ta biyu ba. Ki rubuta ranar, kada ki maimaita kuskurena." Ban taɓa ganin babba ya yi haka ba.

Ganina da kai na ƙarshe a asibiti ne. Idonka ya raunana, ka miƙo min wayarka ka ce in karanta maka abin da dala ke yi. Na karanta, na ce ban ga saɓani ba, ni dai zan jira. Ka lumshe ido ka ce wa Saltanat eje, "Kin ji? Burul ta koyi jira. Yanzu sai in huta."

Jiya a tantin makoki da aka kafa a tsakar gidanka, na ga mutanen da ban san ka taɓa taimaka ba, kowa da labarinsa. Na gode, agai. Matan shagona sun gode, 'ya'yansu ma da ba su san sunanka ba sun ci albarkacinka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Saltanat eje, da Nazgul da ƙaninta Emil, da jikoki, da 'yan ajin Asabar. Allah Ya jiƙan Toktosun agai, Ya yafe kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa abin da ya koyar ya bi shi da lada. Mu kuma Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.