Yadda Na Ɗauki Hannun Hagu Aiki

Hannuna na dama ya ci amanata, kuma ba zan rufa masa asiri ba. Shekara arba'in da ɗoriya yana daka, yana tuƙa tuwon gida guda, yana jan guga, yana murza ƙuli-ƙuli har mai ya fito, bai taɓa cewa ya gaji ba. Sai da na ba shi biro, abin da bai kai tsinken tsire nauyi ba, sannan ya ce shi ciwo yake yi.

Na shiga makarantar manya ina da jikoki huɗu. Abin da ya kai ni kuwa wani ma'aikaci ne, wanda na haifi wanda ya girme shi. Ya kama babban yatsana ya dangwala a takarda kamar mai yi wa akuya shaida, ko fuskata bai kalla ba. Na dawo gida na ce wa maigida makaranta zan shiga. Shi dillalin shanu ne, rabin rayuwarsa a kara ya yi ta, daga Mai'adua zuwa nan cikin Daura. Ya ce, "Ki je. Amma ranar da na ga karatun ya fara taɓa ki, kin gama." Don a unguwarmu magana ce sananniya, wai ƙwaƙwalwar babba ta riga ta bushe, in aka matsa mata da boko tsagewa take yi.

A shekara ta biyu, saura wata ɗaya jarrabawar da za a ba mu takardar shaida, sai ƙaramin yatsana da na kusa da shi suka fara mutuwa. In ina rubutu sai in ji kamar tururuwa na jerin gwano daga gwiwar hannu zuwa farce. Wani lokaci biron ya suɓuce. Fatar idona ma ta shiga rawa, ita da ba a gayyace ta ba.

Da lokacin da ban iya karatu ba ne, da man zafi zan shafa in manta. Amma yanzu ina da wayar da 'yata ta saya mini, kuma na iya rubuta tambaya. Na rubuta "mutuwar yatsu". Sai ga wani likita a bidiyo, da farar riga da Hausa mai daɗi, yana jero alamomin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiya. Ya ce mutuwar yatsu, na ce ga ni. Ya ce mantuwa, na tuna shekaranjiya na birkita kicin ina neman ludayi alhali yana hannuna. Ya ce jiri, kafin ya rufe baki ɗakin ya juya. Duk abin da ya faɗa na same shi a jikina sai guda ɗaya, ita ma ta maza ce.

Ni kuwa ba a waya na fara sanin shanyewar ɓarin jiki ba. Yayar mahaifiyata a Baure, macen da ke ɗaga buhun gero ita kaɗai, haka ta wayi gari hannu ya ƙi tashi, baki ya karkace. Shekara shida ana juya ta a shimfiɗa. Ni nake zuwa in yi mata kitso. Saboda haka in na ce na tsorata, da gaske nake. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, in na buɗe baki maigida zai ce ga abin da ya faɗa nan, ya ɗauke mini jakar makaranta ana saura ƙiris. Sai na yi gum.

Kullum da safe in tsaya gaban madubi in yi murmushi, in ga ko bakin na nan daidai. In zaro harshe. In tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe.

Daga nan na yi wata dabara da na ɗauka babu mai wayo irina. Na ce tunda dama na shirin ajiye aiki, bari in horar da hagu tun yanzu, in ta ɓaci ranar jarrabawa ga mai riƙon ƙwarya. Hagu kuwa ɗan hutu ne. Tun da aka haife ni aikinsa ɗaya, kuma ba na faɗi a takarda ba ne. Harafin farko da ya yi kamar rumbun da ruwa ya kayar. Da na ga rubutu kaɗai ba zai ladabtar da shi ba, sai na sa shi komai: shara, tankaɗe, tuƙi, buɗe ƙofa. Cikin sati biyu ya fara jin magana, har ya riƙa riga dama miƙewa.

Wata Juma'a bayan la'asar yayan maigida ya zo. Malami ne, mutumin da ko takalmi ba ya sawa sai ya fara da ƙafar dama. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo ruwa a kwanon sha na miƙa masa.

Bai karɓa ba. Ya dubi kwanon, ya dubi ƙanensa. Ni ma na duba. Ashe hagu ne a miƙe yana gwaninta, dama na kwance a cinya kamar baƙo.

"Subhanallahi," in ji shi a hankali. "Wannan ma yana cikin darasin?"

Na sauya hannu na ba da haƙuri. Ya kurɓa sau ɗaya don kada a ce, ya yi sallama.

Maigida ya raka shi ya dawo, ko zama bai yi ba ya ce, "Hajiya, kawo jakar nan."

"Wace jaka?"

"Ta makaranta. Na ga kina yi wa madubi gwalo, na yi shiru. Na ga kina tuƙa tuwo da hagu, na ce ko targaɗe ne. Yau Yaya kika ba ruwa da hagu. Gobe kuma da ƙafa za ki miƙo mini abinci? Karatu ya taɓa ki, kin gama."

Na ga abin da nake ɓoyewa don in tsira da jakar shi ne zai raba ni da ita. Na ce, "Alhaji, ba karatu ne ya taɓa ni ba. Mutuwa nake yi, daga yatsu ta faro." Na zayyana masa komai, da likitan waya, da innata ta Baure. Ina faɗa ina kuka, ina kuma jin haushin kukan.

Fuskarsa ta canza. Can sai ya gyara hula, irin yadda yake yi in ya shiga kara.

"Tashi. Taka zuwa bakin rijiya ki dawo."

Na taka. Ya sunkuya yana kallon ƙafafuna. Ya ja fatar idona ƙasa ya leƙa. Ya ce in buɗe baki. Sannan ya ba ni hannunsa ya ce in matse da na dama.

Na matse.

"Wayyo! Sake ni, baiwar Allah! Wannan ne mataccen hannun?" Ya yarfe yatsunsa. "Wallahi da a kara na gan ki, ko ragi ba zan nema ba."

"Au, ni ce saniyar?"

"Ina! Saniya ba ta kallon waya."

Ya ɗauko jakar ya buɗe, ya zaro littafina. Shi ba ya karanta boko, da yatsa ya karanta. Ya shafa bayan takardar, ya buɗa gaba, ya sake shafawa.

"Wannan rubutu kike yi ko huɗa? Ga kunya-kunya har shafi na uku. Nuna mini yadda kike kama shi."

Na damƙi biron yadda na saba, kamar muciya a tukunyar biki.

"To ni ma in na wuni riƙe da igiyar bijimi haka yatsuna suke yi," in ji shi.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji wani sanyi a ƙirjina. Amma na ce, "Kai likita ne?"

"A'a."

"To ka duba ƙafa ka duba haƙori, cikin kai wa ya duba?"

Ya ce zai sa Yaya ya yi mini rubutun sha. Na ce zan sha, har in lashe kwano, amma asibiti zan je, kuma jakata tana nan inda take.

"In likita ya ce karatun ne fa?"

"In ya ce haka, ni da kaina zan miƙa maka ita. In bai ce ba, kai za ka je ka wanke ni wurin Yaya."

Ya mayar da littafin cikin jakar. "Na yarda. Amma in za ki miƙo, ki duba hannun tukuna."

Washegari da na idar da sallar asuba na yagi takarda, na riƙe biron sako-sako yadda ban taɓa yi ba, na rubuta duk abin da nake ji ɗaya bayan ɗaya, don kada in je gaban likita in rikice. Na ninke ta na sa a jakar makaranta, tunda daga can aji zan wuce. Na yafa mayafi, na tari Keke a bakin titi, na ce wa direban asibiti, wajen yankan kati.